Wa Ya Buɗe Wa Ɓarawon Disney Ƙofa?

Ranar 12 ga Yulin 2024 aka wayi gari asirin cikin gidan kamfanin Walt Disney yana zube a intanet, duk mai so ya kwasa. Yawan abin ya kai terabayit 1.1, wato gigabayit 1,100. In da a wayoyi masu gigabayit 64 za a zuba shi, guda 17 ba za su ɗauke ba. Duka daga Slack aka ɗebo, manhajar da ma'aikatan kamfanin ke hira a ciki suna tura wa juna takardun aiki. Jaridar Wall Street Journal ta zauna ta tsefe kayan, ta ƙirga saƙonni sama da miliyan 44, jadawalan lissafi fiye da 18,800, da takardun PDF aƙalla 13,000. Akwai bayanan kuɗin shigar Disney+ da na wuraren shaƙatawar kamfanin. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo: lambobin fasfo, bayanan biza da adireshin gida na ma'aikatan jiragen ruwan yawon buɗe ido na Disney, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Waɗanda suka yi aikin ba su ɓoye kansu ba, ko kuma a ce sun nuna kamar ba su ɓoye ba. Sun kira kansu NullBulge, suka ce su ƙungiya ce daga Rasha mai fafutukar kare haƙƙin masu zane, kuma sun hukunta Disney ne saboda yadda yake mu'amala da masu fasaha da kuma rungumar ƙirƙirarriyar basira da ya yi. Suka ƙara da cewa suna da mutum a cikin gida, shi ya buɗe masu, daga baya tsoro ya kama shi ya rufe ƙofar.

Mutum uku ke nan a gaban alƙali tun ranar farko: ƙungiyar Rasha, manhajar Slack, da ɗan cikin gida. Sai da aka kwashe kusan wata goma kafin a gane cewa a cikin ukun babu wanda ya aikata abin da aka ɗora masa.

A fara da ƙungiyar. Labarinta ya shiga kunne cikin sauƙi domin an riga an share masa fili. A 2023 marubutan Hollywood sun yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa suka yi na kwana 118, kuma tsoron kada na'ura ta ƙwace wa mutane sana'a yana cikin manyan dalilan duka biyun. Disney ma ya dakatar da sakin finafinansa a Rasha tun 2022 bayan mamayar Yukiren. To mutum ya ji an ce wasu 'yan Rasha masu kishin masu zane sun far wa Disney, ai biri ya yi kama da mutum.

Sai dai kwanaki kaɗan da faruwar abin, masu bincike na kamfanin tsaron intanet SentinelOne suka fitar da rahoto a kan wannan suna. Abin da suka tarar bai yi kama da aikin masu fafutuka ba. Tun watannin Afrilu zuwa Yuni na 2024 ana ganin sawun NullBulge a wurare biyu: cikin masu wasa da manhajojin zane na ƙirƙirarriyar basira, da cikin masu buga wasan mota na kwamfuta mai suna BeamNG. A duka biyun dabarar ɗaya ce, a cusa muguwar manhaja cikin abin da mutane ke saukewa kyauta. An kuma ga ana tallar kalmomin sirrin da aka sato a kasuwannin ɓarayin intanet, an ga amfani da LockBit, manhajar da ake kulle wa mutum kwamfuta da ita a nemi kuɗin fansa. Ni dai ban taɓa jin mai kare haƙƙin talakan mai zane da zai watsa lambar fasfon mai wanke kwanuka a jirgin ruwa ba. Rigar fafutukar aro ce, amma ba a san wanda ke cikinta ba tukuna.

Na biyu, Slack. A watan Satumban 2024, shugaban sashen kuɗi na Disney, Hugh Johnston, ya sanar da ma'aikata cewa za a daina amfani da manhajar. Duk wanda ya ji wannan zai ce to, an gano inda bango ya tsage. Marc Benioff, shugaban Salesforce, kamfanin da ya sayi Slack a 2021 kan dala biliyan 27.7, ya fito ya dage cewa tsaronsu lafiya lau yake, kuma masu amfani da kayansu su ma sai sun tsare nasu ɓangaren. Maganar ɗan kasuwa ce mai kare hajarsa, amma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya fasa Slack. Wanda ya kwashi kayan ta ƙofa ya shiga, da sunan halastaccen ma'aikaci, manhajar ta yi masa maraba kamar yadda take yi wa mai sunan kullum. Abin da za a iya tuhumar Disney da shi a nan daban ne: ta yaya asusun mutum ɗaya zai iya leƙa dubban zaurukan hira, har ya sauke fiye da terabayit guda, ba tare da ƙararrawa ta buga ba? Canza manhaja bai amsa wannan ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Saura na uku, kuma a nan labarin ya fi ɗaure kai. Da ɗan gari akan ci gari, kowa ya sani, kuma ɓarayin da kansu sun ce suna da nasu a ciki. Har sunansa suka buga. Amma ba sunan kaɗai ba: sun haɗa da bayanan bankinsa, takardun asibitinsa, da kalmomin sirrin duk wani asusu da yake da shi. Wannan ya kamata ya sa mai hankali ya dakata. Abokin sata ana iya yi masa barazana, ana iya yasar da shi, amma ina ɓarawo zai samu takardun asibitin abokinsa da makullin kowace ƙofa ta rayuwarsa? Wanda ke da waɗannan ba zama ya yi da mutumin suka ƙulla yarjejeniya ba. Zama ya yi a cikin kwamfutarsa, shi bai sani ba.

Bakin zaren yana wani wuri da ba wanda ya haɗa shi da Disney a lokacin, wata guda kafin fashewar labarin. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna ComfyUI da masu sha'awar haɗa hotuna da ƙirƙirarriyar basira ke amfani da ita a kwamfutocinsu. Daɗinta shi ne kowa na iya rubuta mata ƙari, wato ɗan guntun shiri da ake liƙa mata ya ba ta sabuwar dabara, ya ɗora a GitHub, rumbun da masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu. A watan Yunin 2024 masu amfani da ita suka fara gargaɗin juna a kan wani ƙari mai suna ComfyUI_LLMVISION. Alƙawarinsa shi ne ya haɗa maka manhajar da GPT-4 da Claude 3. Kuma yana aiki, nan ne gubar take. Mai saukewa zai ga abin da aka ce masa, ya ji daɗi, ya ci gaba da harkarsa. A ƙarƙashi kuwa, shirin yana janyo wasu gurɓatattun kwafin kayan aikin kamfanonin OpenAI da Anthropic da aka yi wa cushe, su kuma su bi burauzar mutum su tattara kalmomin sirri, lambobin katin banki da tarihin shafukan da ya shiga, su aika wa mai shirin ta manhajar hira ta Discord. Sunan da ya bayyana a kan wannan ɗanyen aiki shi ne NullBulge.

A Fabrairun 2025 ma'aikacin da aka buga sunansa ya ba Wall Street Journal labarinsa, sai guntayen suka haɗu. A kwamfutarsa ta gida ya sauke wata manhajar haɗa hotuna daga GitHub, yana gwada sabuwar fasahar da kowa ke magana a kanta. Ba a ofis ba, ba a kwamfutar kamfani ba. Bai san an shigo masa ba sai a watan Yuli, da wani baƙo ya aiko masa saƙo ta Discord yana ambaton wata hira da suka yi da abokan aikinsa, hirar da wanda ba ya cikin Slack ɗin Disney ba shi da hanyar sani. Ya sanar da sashen tsaro na kamfanin. Manhajar riga-kafin da ke kwamfutarsa ba ta ga komai ba, sai da ya sa ta biyu sannan ta kamo cutar. A lokacin an riga an kwashe kaya tun watan Mayu.

To ta yaya cuta a kwamfutar gida ta zama mabuɗin kamfani mai ma'aikata sama da 200,000? Ta hanya biyu. Ta farko, mutumin yana ajiye kalmomin sirrinsa, na gida da na aiki, a rumbu ɗaya, manhajar 1Password. Wannan a kansa ba laifi ba ne, masana tsaro ma shi suke ba da shawara, domin ya fi a riƙa maimaita kalma ɗaya a ko'ina. Amma shi rumbun bai sa masa matakin tantancewa na biyu ba, kuma ɓarawon yana zaune a cikin kwamfutar da ake buɗe rumbun da ita. Duk abin da mai gida ya gani, baƙon ya gani.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutane da yawa ba su sani ba, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Idan ka shiga wani shafi ka sa kalmar sirri, aka turo maka lamba ta waya ka sa, shafin ba zai riƙa tambayarka duk minti ɗaya ba. Sai ya ba burauzarka wata 'yar shaida da ake kira kukis, ta ajiye, duk sanda ka dawo ta nuna a bar ka ka wuce. Kamar lambar da mai gadin babura a bakin kasuwa ke ba ka ce: da ka miƙa ta, babur ya fito, ba ya duba fuska. Wanda ya zare maka lambar a aljihu ba ya buƙatar sanin sunanka. Haka wanda ya kwafi kukis daga kwamfutarka ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar lambar da ake turowa ta waya. Kuma ba sabon abu ba ne. A 2021 da aka yi wa kamfanin wasanni na Electronic Arts kutse aka kwashe gigabayit 780, masu kutsen sun ce da kukis na Slack da suka saya dala 10 suka fara.

An san ta yaya ke nan. Sauran tambayar ita ce don me aka yi wata biyu ba wanda ya farga, kuma amsarta ita ce ta sa wannan labari ya wuce Disney. Sashen tsaron kamfani yana gadin abin da ya san da shi ne. Kwamfutar da ya raba, manhajar da ya tantance, hanyar da ya shimfiɗa. Abin da ma'aikaci ya ɗauko da kansa ya ɗora a na'urar da ke taɓa aikin ofis, ba ya cikin lissafi, don haka ba mai duba shi. Masu wannan sana'a har suna suka sa wa abin, suna kiransa basirar bayan fage, kuma ba ƙarami ba ne. A binciken da Microsoft da LinkedIn suka fitar a Mayun 2024, wanda ya tambayi mutum 31,000 a ƙasashe 31, kashi 75 cikin 100 na ma'aikatan ofis sun ce suna amfani da ƙirƙirarriyar basira a aiki, kashi 78 na waɗannan kuma nasu kayan suke zuwa da su, ba na kamfani ba. Fiye da rabi sun ce ba sa son a san suna amfani da ita a muhimman ayyukansu. Rahoton IBM na 2025 kan asarar da satar bayanai ke jawowa ya nuna ɗaya cikin biyar na hukumomi da kamfanonin da aka bincika ta wannan kafa aka shigo masu, kuma inda abin ya yi yawa asarar takan ƙaru da kimanin dala 670,000.

Wani zai ce ai wannan ɓarawo ne ya sa tarko, ni kuwa ChatGPT na gaskiya nake amfani da shi, ba wani tarkacen GitHub ba. Sai a tuna masa da Samsung, inda ba ɓarawo ko ɗaya a labarin. A watan Maris na 2023 sashen kamfanin da ke ƙera ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfutoci a Koriya ta Kudu ya ba injiniyoyinsa damar amfani da ChatGPT, tare da gargaɗin su kula. Cikin kwana 20 aka samu kuskure uku. Wani ya kwafi rubutun wata manhajar cikin gida da ta ƙi aiki ya liƙa, ya ce a gyara masa. Wani ya yi haka da shirin da ke gano na'urori masu matsala. Na uku ya naɗi taro, ya mayar da sautin rubutu, ya ba ChatGPT ya taƙaita masa. Babu mugu a cikinsu, mutane ne masu son gama aiki da wuri. Amma a lokacin duk abin da mutum ya rubuta a ChatGPT na gama-gari ana iya amfani da shi wajen horar da na'urar, sai ranar 25 ga Afrilu OpenAI ya kawo maɓallin kashe wannan. A ranar 20 ga Maris ɗin ma wata tangarɗa ta sa wasu masu amfani da manhajar suka riƙa ganin kanun hirarrakin wasu. A farkon Mayu Samsung ya haramta irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa, yana mai cewa abin da ya fita zuwa rumbun wani kamfani da wuya a dawo da shi ko a goge. Wannan fa inda aka ba da izini ne, shi ya sa ma aka gano. Inda aka hana, ake yi a ɓoye ta wayar hannu, wa zai ƙirga?

Shi ya sa ban yarda haramci kaɗai magani ba ne. Ma'aikacin da aka ɗora wa rahoton shafi 40 ya kawo gobe da safe, ga abin da zai taƙaita masa cikin minti biyu a aljihunsa, takardar gargaɗi da aka manna a allon sanarwa ba za ta hana shi ba. Za ta koya masa ɓoyewa ne kawai, ranar da abu ya lalace kuma ya yi shiru don tsoron kora, alhali awannin farko su ne masu tsada. Samsung da kansa bai tsaya a hani ba, a Nuwamban 2023 ya fito da tasa manhajar mai suna Gauss don ma'aikatansa su samu inda za su yi aikin ba tare da sirrin ya bar gida ba. Ba kowane ofis ke da ƙarfin haka ba, amma kowane ofis na iya zaɓar manhaja ɗaya ko biyu ya tantance, ya biya kuɗin nau'in da ba a horar da na'ura da bayanansa, ya faɗa wa ma'aikata a fili abin da ba a liƙawa ko da wasa: sunayen marasa lafiya, lambobin BVN da NIN, takardun albashi, kwangilar da ba a sa wa hannu ba. Sannan ya yanke cewa kwamfutar da yara ke sauke wasanni a kanta ba ta shiga asusun ofis.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafarmu. A yawancin ofisoshinmu babu ma wata kwamfutar kamfani da za a ce an tsallake. Laftof ɗin ma'aikaci nasa ne, da kuɗinsa ya saya, manhajojin ciki mai gyara ne ya zuba masa fasassu, waya ɗaya ce ta hira da ta banki da ta aikin ofis, wani ma GBWhatsApp ke kai, wanda aboki ya tura masa ta Xender. Mutumin Disney kuskure ɗaya ya yi a rana ɗaya. Mu kuwa a kan irin wannan kuskure aka gina tsarin aikin gaba ɗaya. Kuma doka ba ta karɓar uzurin rashin sani: dokar kare bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan bayanan mutane suka fita ta yadda zai iya cutar da su, manyan masu riƙe bayanai kuma tararsu na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Shugaban da bai san da waɗanne manhajoji ma'aikatansa ke aiki ba, ba zai san ranar da awa 72 ɗinsa ta fara ƙirguwa ba.

Saura wanda ke cikin rigar. Ranar 1 ga Mayun 2025 ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnatin Amurka a Los Angeles ya fitar da sanarwa. Babu Rasha a ciki, babu ƙungiya. Wani matashi ne ɗan shekara 25 daga Santa Clarita a jihar Kalifoniya, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba daga hedikwatar Disney da ke Burbank. Ya amince cewa a farkon 2024 shi ya ɗora shirin a GitHub da wasu wurare da sunan na haɗa hotuna ne, cewa ma'aikacin ya sauke shi tsakanin Afrilu da Mayu, cewa da kalmomin sirrin da ya samu a kwamfutar ya shiga Slack ya kwashi terabayit 1.1 a watan Mayu. A Yuli ya tuntuɓi mutumin ta imel da Discord da sunan ƙungiyar da ya ƙirƙira, ya yi masa barazana, da bai samu yadda yake so ba ya watsa komai. Mai cewa yana yaƙi da ƙirƙirarriyar basira da ita ya ɗana tarkonsa, domin ya san a shekarar 2024 ba abin da mutane ke saukewa da gaggawa, ba tare da tambaya ba, kamarta.

Tuhuma biyu ya amince da su, shiga kwamfuta ba izini da ɗibar bayanai, da kuma barazanar lalata kwamfuta, kowacce hukuncinta na iya kai shekara biyar a kurkukun tarayya. Ma'aikacin kuwa ya rasa aikinsa tun cikin Yulin 2024, bisa wani dalili daban da kamfanin ya bayar, wanda shi ya musanta. A cikin takardar amincewa da laifin, matashin ya ce aƙalla wasu mutum biyu ma sun sauke shirin, kuma ya shiga kwamfutocinsu da asusunsu.